Ranar Lamba a Gidan Danda

Idan ka tambayi Zara'u 'ya'yanta nawa, za ta ce maka ɗaya, kuma a ganinta ba ƙarya ta yi ba. Haka uwarta ta ƙirga nata, haka kakarta. A Gidan Danda, can gabas da Korgom inda hanyar amalanke ke nutsewa cikin yashi, mace mai tarbiyya ba ta sa ɗan fari a lissafi. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gabanta ma sai ta kalli wani wuri har wani ya ɗaga shi. Alkunya ke nan. Abu ne mai kyau, babu musu, amma mai yin sa kaɗai ya san abin da yake haɗiya.

'Yar farin Zara'u ita ce Rakiya, mai shekara bakwai. Tun da aka yaye ta, kakarta Habsatu, uwar mijin Zara'u, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta da ke ƙuryar gidan. Yarinyar ta tashi tana ce wa uwarta Yaya. Ita kuma Zara'u in za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta yi zancenta ta ce "'yar tsohuwa". Sai dai duk mai lura ya san in Zara'u ta dama fura, ƙwaryar da ta fi nono ita ke tafiya ɗakin tsohuwa, kuma ba don tsohuwar ba ne.

Mijinta Na Allah ya yi shekaru yana tafiya bida, wato ci-rani, can bakin teku. Zuwansa na ƙarshe ya dawo da rediyo, da tari, da ramar da ba ta jin magani. Ya rasu ƙaramin ɗansu Jibo yana goye. Manjo Ishaya, mai kula da ƙaramin asibitin yankin, wani Kirista mutumin wajen Mayahi mai son raha da tsofaffi, shi ya ɗebi jinin Zara'u, ya zaunar da ita ya gaya mata sida, wato ƙanjamau, ita ce ta ɗauki mijinta kuma ƙwayar na jikinta. Ya haɗa ta da magani daga Tasawa, ya tambaye ta 'ya'yanta nawa. Ta sunkuyar da kai ta ce guda. Aka auna Jibo, Allah ya tsare shi. Ita ta ci gaba da shan ƙwayoyinta a ɓoye har jikinta ya dawo. Habsatu kuwa ba ta taɓa yarda a kawo sunan ciwon nan kusa da sunan ɗanta ba. A wurinta sanyin teku ne ya kama shi.

Shekarar da abin ya faru, damina ta yi gardama, hatsi ya bushe tun bai yi kai ba. Kafin zafi ya shigo sosai rumbuna sun zama wurin kwanan kaji. A Yamai sojoji suka sake karɓe mulki, rediyon Na Allah ya yi ta kiɗan soja, daga baya ya ce sababbin shugabanni sun yarda akwai yunwa a ƙasa. Mutanen Gidan Danda suka ce madalla, da ma su suka rage ba su sani ba. Maza masu ƙarfi suka tsallaka Najeriya. Mata suka koma ga anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin tsiya da sai an yi kwanaki ana jiƙawa ana sake ruwa kafin su ciwu. Kullum da sassafe sukan fita daji da yaransu, domin hannun yaro ma hannu ne, ranar da ba a fita ba kuwa tukunya ba ta hau wuta.

A cikin wannan hali Rakiya ta fara lalacewa. Da ma can ba ta da ƙiba, yau zazzaɓi gobe gudawa, tsohuwa na ta dafa mata saiwoyi. Yanzu bakinta ya yi fari da miki, gashinta ya yi ja ya kakkarye. Habsatu ta ji ana ba yara masu tamowa abincin leda a asibiti, ta goya ta a kan jakin aro ta kai ta. Manjo Ishaya ya duba bakin yarinyar, ya taɓa wuyanta, ya tambayi sunan ubanta. Da ya ji, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya aika a kira Zara'u.

"Zara'u, ba ke kinka ce mani ɗa guda gare ki ba?"

Ta kalli ƙasa. "Wagga ta tsohuwa ce."

"Wa ya haihe ta?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. Ya shafa kansa, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ni ma uwata har ta mutu ba ta ƙirga yayana ba. Ni ya kamata in sake tambaya. To, mu auna ta."

Jinin ya tafi Tasawa ya dawo da amsar da Zara'u ta daɗe tana jin tsoro. Ranar da Manjo ya kira ta, tsohuwa ta ƙi shiga, ta zauna da yarinyar a inuwar itacen bedi. Ya ba Zara'u maganin yara, ya nuna mata yadda ake sha. Sannan ya ce akwai wata magana. Ƙyanda, wadda mutanen nan ke ce wa dusa, ta shiga ƙauyukan da ke cin kasuwar Korgom, ta fara ɗaukar yaran da yunwa ta riga ta tausasa. Ranar Laraba mai zuwa za a zo Gidan Danda da allurar rigakafi, lamba ke nan a bakin mutanen gari.

Nan Zara'u ta ɗan sami abin riƙewa. Ta ce, "An yi mata. Babu lambar da ba a yi mata ba tun tana jinjira. Ni nike matsa ma tsohuwa ta kai ta."

"Na yarda an yi mata," in ji shi. "Amma ki ji yadda abin yake. Cikin jini akwai masu gadi. Lamba tana nuna masu huskar ɓarawo ne, su riƙe ta, in ya zo ko bayan shekara goma su gane shi. To ita ƙwayar da ke jikin yarinyar ga ba baƙuwa ba ce mai kwana biyu ta tahi. Zaune take. Kullum faɗa suke da ita, ba hutu, tun ranar da anka haihe ta. Masu gadin da sunka riƙe huskar dusa, da yawa ta kashe su. Waɗanda sunka rage sun gaji, ko an nuna masu abu ba su riƙe shi da kyau. Lambar da anka yi mata, ki ɗauka jikinta ya manta."

"To a sake yi mata ran Laraba."

Ya girgiza kai. "Lambar dusa, dusa ce da anka karya ma ƙarhi. Yaro mai lahiya shina murƙushe ta ya koyi darasi. Ita yadda jininta yake yanzu, ina tsoron ko wannan ta hi ƙarhinta. Sai ta sha magani watanni, masu gadin sun tattaru, sannan mu yi mata sabuwa, ta kama."

Zara'u ta ɗago kai. Ta tambaye shi, kafin watannin fa, in dusa ta shigo gari?

"In ta same ta, ba ni ɓoye maki, da wuya ta tashi. Abu guda ya rage. Dusa ba ta da ƙahwa, bisa yara take tahiya. In an yi ma yaran garinku duka, ba ta samun wanda za shi kai ta wurinta. Su ne dangarta. Ni ba ni da ikon hwaɗa ma kowa abin da ke jikinta, wannan sirrinku ne. Shela kaɗai zan sa a yi."

Aka yi shela. Mai shela ya zaga gari da maraice, muryarsa ta yunwa, ya ce kowace mace ta tsaya gida ran Laraba da yaranta, daga na goye har masu tallar goro. Zara'u ta saurari abin da ke fitowa daga bayan dangogi, ba ta ji abin daɗi ba. Wa zai ba da yinin anza don allura? Ga shi an ce lamba na sa zazzaɓi, yaron da cikinsa babu komai kuma a ƙara masa zazzaɓi.

Washegari bayan la'asar ta sami tsohuwa tana tsince tsakuwa a cikin garin rogo. Ta durƙusa nesa kaɗan kamar yadda suruka ke yi.

"Inna, ke ce da bakin magana a kanta. In kin gaya ma mata abin da Manjo ya ce, suna ji."

Habsatu ba ta ɗago ba. "In ce masu mi? In ce Na Allah ya kwaso abin kunya ya zuba ma ɗiyarshi? Yana kabari in tone shi da bakina?"

"Ba sai kin ambace shi ba."

"Mutane ba wawaye ba ne. Ni na haihe shi, ni na wanke mashi jiki har ya cika. Ba ni iyawa, Zara'u." Ta ja tire ta juya baya. Zara'u ba ta ji haushinta ba. Tausayi ta ji, domin ta ga tsohuwar ma ɗa take karewa.

Ana jibi Laraba, da hantsi, mata suka taru a bakin rijiya suna sake wa anza ruwa. Auta ce ke jan zance, maƙwabciyar su Zara'u, danga ɗaya ta raba su. Mace ce mai kirki da hannu, mai kaifi da baki, uwar tagwaye waɗanda kullum suna gidan su Rakiya suna wasan 'yar tsana da ita.

"Ni dai ba a taɓa mani tagwaye," in ji Auta, tana tsiyaye ruwan ɗaci. "Lamba, lamba. Ku dubi ɗiyar Habsatu mana. Akwai allurar da ta wuce ta a garin ga? Hannunta duk tabo. To wa ya kai ta ciwo? Namu da ba mu kai ba ga su nan suna hawan ice."

Mata suka ce wallahi kuwa. Wata ta ce ita ma ta lura. Suka waiwayo wajen Zara'u suna murmushi, don sun san abin da za ta yi. Uwar 'yar fari in an taɓa 'yarta, dariya take yi, ko ta ƙara da cewa ai raguwa ce tun asali. Zara'u ta yi hakan sau ba adadi, har ta ƙware.

Ta buɗe baki ta yi dariyar, dariyar ta ƙi fitowa. Guga na hannunta, igiya na zamewa a hankali. Ta ga idan ta yi shiru yau, ta cika mace mai kunya, kowa zai yabe ta, kuma za ta iya binne yarinyar da wannan yabon.

"Ba lamba ta sa ma Rakiya ciwo ba."

Hannuwa suka tsaya cikin ƙorai. Ba maganar ce ta fara tsayar da su ba, sunan ne. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi a hankali. Ita kanta Zara'u sunan ya yi mata baƙo a baki, ta ji kamar ta fito tsakar kasuwa babu zane. Amma tun da ya fita, sauran ya biyo.

"Ɗiyata ce, ni na haihe ta. Sida gare ta. A jikina ta samu, ni ma ina da ita, shekara ukku ina shan magani, ga ni kuna ganina da raina." Ba ta kawo sunan mijinta ba, kowa ya kawo shi a zuci. "Manjo ya ce ciwon ya gajiyar da jininta, lambar da anka yi mata ta goge, kuma ba a iya sake mata yanzu. In dusa ta shigo garin ga, naku suna kwantawa, wasu su tashi. Ita ba ta tashi. Ba ni da hatsin da zan ba ku ladan yininku. Roƙonku nike. Ku kai ɗiyanku a yi masu, don kansu, don ita kuma. Ba ta da wata danga sai su."

Auta ta kalli ƙwaryarta da ke jingine da ta Zara'u, ta sa ƙafa ta ɗan janye ta, kamar ba da gangan ba. Zara'u ta gani. Ta ɗauki kayanta ta tafi gida, bayanta na jin idanu.

Kafin azahar magana ta riga ta zaga gari ta shigo ɗakin tsohuwa. Habsatu ba ta ce mata uffan ba, ranar da washegari. Ta karɓi ƙwaryar abinci ba tare da ta dube ta ba. Tagwaye ma ba su leƙo ba. Zara'u ta yi ta tambayar kanta ko ta sayar da mutuncin gidan ne a banza.

Ran Laraba tun da asuba ta ji tafiyar mata da ƙarar ƙorai suna fita daji kamar kullum. Ba ta iya gane ko da yara suka fita ba, ba ta kuma da ƙarfin leƙawa. Da rana ta ɗaga, babur biyu suka tsaya a ƙofar gidan mai gari, wadda ke bayan dangarsu kaɗan. Manjo ya riga ya ce kada a fito da Rakiya cikin taro, ba a san wanda ke ɗauke da abin ba. Zara'u ta wanke wa Jibo fuska za ta kai shi, sai ga tsohuwa ta fito da mayafinta na zuwa suna.

"Ba ni shi," in ji Habsatu. Maganarta ta fari ke nan tun ranar rijiya. "Ni zan kai shi, su gan ni. Ke zauna da ɗiyarki, tun da yanzu duniya ta san taki ce."

Ta ja hannun yaron suka fita, bayanta a miƙe kamar ba ita ke kukan gwiwa ba.

Gida ya rage daga Zara'u sai Rakiya. Sai a lokacin ta lura ba su taɓa zama su biyu kaɗai ba. Yarinyar na kan tabarma a inuwar danga, ta ɗan fara samun ƙarfin zama. Zara'u ta zauna a ƙarshen tabarmar, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

"Yaya, Kaka ta ce kin hwaɗi sunana gaban mutane. Ta ce ba ki da kunya."

"Gaskiyarta."

"Amma da tana hwaɗi, tana shahwa mani kai."

Kunnen Zara'u na bayan danga. Ana jin muryar Manjo yana tsokanar mai gari, ana jin buɗe akwatin ƙanƙara. Can sai ƙara ta tashi, siririya mai tsawo.

Rakiya ta ƙyalƙyale da dariya. "Jibo ne. Raggo."

Kukan ya lafa. Daga nan shiru, irin shirun da har kana jin kurciya a kan gawo. Zara'u ta matse gefen zanenta. Shi ke nan, ta ce a ranta, namu kaɗai. Ta fara tunanin inda za ta gudu da yarinyar, ta ga babu inda babu yara.

Sai wani kuka ya tashi, mai kauri, da shure-shure.

"Gazali," in ji Rakiya nan take. "Haka yake yi in an kama shi za a yi mashi aski."

Wani ya biyo, na jariri. Wani kuma. Rakiya ta gyara zama, ta kanga kunne da hannu, abin ya zame mata wasa. Ta san kukan kowa, shekarunta na kwanciya a tsakar gida ta yi su ne tana sauraren yaran gari. Wannan Ishaƙu ne, wannan ƙanwarsa, wannan ɗan gidan liman mai cewa wayyo Inna tun ba a taɓa shi ba. Ta wata ɓarakar danga Zara'u ta hango abin da ya faru. Mata rabi ne suka tafi daji da ƙorai bibbiyu, rabi suka tsaya da yaran kowa. Ga su nan a layi, kowace da goyo da na hannu da na riƙe da zane, nata da na maƙwabciya. Ga Habsatu a gefe, tana kama masu neman tserewa.

Zara'u ta koma ta zauna, wannan karon kusa. Ba ta taɓa jin sauti mai daɗin kukan yaran nan ba. Amma akwai wanda take jira. Gidan da ke jikin nasu, yaran da numfashinsu ke haɗuwa da na Rakiya ta cikin kara. Layi na raguwa, rana na hawa, yarinyar ta fara gajiya da ƙirga sunaye, ta kwantar da kanta.

Can wajen ƙarshe aka ji muryar mace tana faɗa, ita da Manjo, tana ce masa ya yi a hankali, ba jakai ya samu ba. Sai kuka biyu suka tashi tare, ɗaya na hawa kan ɗaya.

Rakiya ta ɗago da sauri, fuskarta ta washe. "Tagwaye. Su biyu duka." Ta juyo don ta ga ko Yaya ta ji, sai ta tsaya tana kallonta. "Ke kuma mi kike ma kuka? Ke ma an yi maki?"

Zara'u ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta jawo yarinyar ta ɗora a cinyarta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Rakiya ta ɗan sandare, ba ta saba ba, sannan ta saki jiki ta kwantar da kunnenta a ƙirjin uwarta. A bayan danga tagwaye na ta tsala ihu, Auta na rarrashinsu tana zagin Manjo.